Lokotoron Tsutsar Tumatur

Shekarar da na gama lisans ɗin biyoloji a Yamai, wato digirin farko, na koma Arlit da takarda mai jerin fannonin mastar da jami'a za ta buɗe. Akwai ilimin ƙwayoyin cuta, akwai na tsirrai, da na muhalli, da na sinadaran jiki, can ƙasa kuma ilimin ƙwari. Sati uku aka ba mu mu zaɓa mu aika dosiye, wato takardun neman shiga. Kuskuren da na yi shi ne na ajiye takardar a kan tabarma lokacin abincin rana. Daga nan ta zama ta kowa.

Babana rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa inji a ramin yuraniyom kafin ya ajiye aiki. Ya ɗora tabarau, ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa.

"Ina na lokotoro a ciki?"

"Baba, biyoloji na karanta, ba likitanci ba."

"To, farar rigar nan da kika ɗau hoto da ita, ta aro ce?"

Ashe tuni ya shaida wa abokan hirarsa cewa 'yarsa lokotoro ce. Shi ya sa tun ranar da na sauka matan unguwa ke zuwa mini sannu da zuwa, kowace da ciwon bayanta.

Kawuna, ƙanen Inna, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Assamakka, don haka babu fannin ilimin da ya gagare shi. Ya ce in ɗauki muhalli, masu shi farar mota suke shiga mai sanyi, ya sani domin kullum suna wuce shi a hanya. Da ya ƙara tunani sai ya tambaya ko a cikin biyar ɗin akwai wanda ke nuna inda zinariya take, ya kai ni Tchibarakaten mu huta da karatun gaba ɗaya. Inna tambaya ɗaya ta yi, wanne ne ya fi saurin ƙarewa.

Ni kuwa na riga na yanke shawara cikin zurfin tunani irin na masana. Ƙwayoyin cuta zan yi, saboda sunansa ya fi daɗin faɗi da Faransanci, kuma labo ɗinsu ne kawai ɗakin gwaji mai na'urar sanyi.

Saura kwana huɗu a rufe karɓar dosiye Inna ta aike ni garka sayen tumatur, can bakin gari. Mai garkar dattijo ne mutumin Ayar, tsohon abokin Baba, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Kai ne lokotoro?" in ji shi. "Zo ka gani."

Ya ja ni cikin shukar, ya juya ganye. Duk ya yi fari-fari kamar an zana shi da allura. Ya fasa tumatur guda da babban yatsa, sai ga 'yar tsutsa a ciki tana harkar gabanta.

Na gyara tsayuwa, na yi masa bayanin da ya ci mini shekara uku. Na ce wannan tsutsa ce, 'yar wani ƙwaro ce, kuma ganye take ci.

Ya dube ni ta saman rawaninsa. "Na san tsutsa ne. Ni ma Allah ya ba ni ido."

Daga nan shi ya karantar da ni. Uwar tana fitowa da faɗuwar rana, tana zuba ƙwai a bayan ganye. Tsutsar tana shigewa cikin naman ganyen, inda feshi ba ya isa. Maganin kasuwa da yana kashe ta, yanzu wanka take yi da shi.

"Abu ɗaya ne ban sani ba," ya ce. "Me zai kashe shi, bai kashe mai cin miya ba? Wannan aka ce kai ka sani."

Ban sani ba. Na karɓi tumatur ɗina na tafi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na isa gida na ɗauki biro na zaɓi na can ƙasa.

"Ƙwari!" Baba ya ce. "Mu tura ki Yamai ki koyo ƙwari? Ga su nan a bayan gida kyauta."

Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar tafiya kuma shi ya ɗauki jakata har tasha, ya kuma ja kunnen direba a kaina kamar yau na fara shiga mota.

Shekara biyu na yi ina ƙirga tsutsa a cikin kwalabe. Na kare bincikena a gaban malamai uku, suka yaba, ɗayansu har ya farka don ya tafa. Na dawo Arlit da mastar a hannu, na tarar ƙasa ba ta matsu da masanin ƙwari ba. Na samu koyarwa ta kwantaragi a lise, babbar sakandare, ita nake yi har yau.

Ranar Asabar kuwa garka nake zuwa. Na nuna wa dattijon yadda ake kafa tarkon da ke jawo mazan ƙwaron, da jiƙon 'ya'yan dogon yaro, na ce ya tsinke ganyen da ya kamu ya ƙone, ya kuma huta da tumatur a fegi ɗaya ya sa albasa. Ya saurara da ladabi, ya ɗauki rabin maganata, ya ce sauran rabin ta mutanen da ba su taɓa jan ruwa ba ce. A shekarar rabin tumatur ɗinsa ya tsira. Shi yana cewa da ya bi ni duka da babu abin da zai tsira, ni ina cewa da ya bi ni duka da bai rasa ko ɗaya ba. Har yanzu ba mu daidaita ba, amma ya ware mini fegi biyu a gefen rijiya in yi haukana a ciki.