Baƙon Inna Mai Hannu Takwas

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Inna daga Damagaram zuwa Jidda, na yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, na ce ta zo ke nan. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma gaya mini abin da ke ranta kai tsaye. "Kai wannan" ne sunana. In na tambaye ta ko tana kewar gida, sai ta ce ruwan garin nan dai ba ya kashe ƙishi. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana ta ce za ta koma.

Ba ni da iyali a lokacin. Da sassafe nake tafiya aiki a wani sito a unguwar Khumra, in bar ta ita kaɗai a ɗakinmu na Nuzla. To akwai wani akwatin gilashi na kiwon kifi da na tarar a gidan. Na wanke shi, na ɗebo ruwan teku a jarka, wani abokina masunci ɗan Yaman ya ba ni akhɗabuɗ, wata halittar ruwa da ba ta da komai sai kai da hannuwa takwas.

Inna na ganinsa ta ja da baya. "A'uzubillahi! Wannan kifi ne ko aljani?"

Kwana uku sai ga su sun shirya. Ta jefa masa 'yar tukunyar ƙasa ya mai da ita ɗaki. Tana miƙa masa jatan lande, ya miƙo hannu ya karɓa kamar surukin da ya san ladabi. Aibinsa ɗaya, ture murfi. Sau biyu tana tsinto shi a kan tabarma ya nufi ƙofa, har ta gaji ta danne murfin da turmi.

Wata rana ta ce, "Kai wannan, baƙo ba ya zama shi kaɗai. A samo masa ɗan'uwa."

Wallahi na ji daɗi, don na ga ta fara sabawa. Na garzaya wajen masuncin. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Wahid bas! Ba sa zama tare." Na ce masa ya riƙe iliminsa, mu a wajenmu zumunci ba ya kashe kowa. Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni wani ƙarami.

Ranar Juma'a na zuba shi. Inna har da yi masa sannu da zuwa. Babban ya leƙo daga tukunya, ya yi fari fat, ya koma ja wur. Na ce, "Kin gani, murna yake yi." Kai, wauta ma baiwa ce!

Na dawo daga masallaci na tarar da Inna zaune gaban akwatin ta yi tagumi. Na ƙirga kai, ɗaya. Sabon baƙon kuwa babu abin da ya rage nasa sai guntun hannu a bakin tukunya. Mai masauki ya yi kalaci da shi, ya kuma koma aikinsa na ture murfi.

Dariya ta kusa ƙwace mini, sai na ga fuskarta. Ba ni take kallo ba, shi take kallo.

"Ashe ba abokin hira yake nema ba," in ji ta. "Tun ran da ya zo ƙofa yake nema. An ba shi ci, an ba shi ɗaki, an kyauta masa. Amma wanda ya ɗauko shi ya kamata ya mai da shi."

Na gane sarai, kuma abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Da la'asar muka kai shi bakin teku a bokiti. Ko waiwaye bai yi ba, ɗan butulu. Inna ta tsaya har ruwan ya kwanta.

A hanyar dawowa na ce, "Inna, gobe zan je in tambayo jirgin Yamai, na komawa gida."

Ta gyara mayafinta, idonta na kan titi. Ta ce, "Allah ya yi wa mai tambayar albarka."