Zoben Ɗanjuma Yana Hannuna Har Yau

Shekara goma ke nan da rasuwar maigidana, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a jarida zan fara ba. Ranar da ya cika a gidan ɗanmu a garin Beltsville na Amurka, mu huɗu ne a kansa: ni, da babban ɗanmu da nake kira Likita, da matarsa Hajara, da surukinmu Bello mai aikin rediyo. Ban yi boko ba. Hajara ce ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Kwanan nan kullum Bello sai ya shigo da labarin jiragen ruwan da ake harbi a Bahar Maliya, da ƙasashen da ke jayayya kan mashigi. Ina ji sai in dubi kujerar Alhaji. Na san abin da zai ce: manya su yi faɗa kan ruwa, ɗan dako ya mutu a tudu.

Ba a rediyo ya ji ba, gani ya yi. Yana saurayi ya tafi hajji a ƙafa shi da wani Ɗanjuma, wanda ya baro mata da jariri a gida. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, Alhaji ya lallashe shi suka gangara Masar yin dako a bakin mashigin Suez. Suna can Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa ƙasar saboda wannan ruwa. Aka nutsar da jirage aka toshe hanya, wuta na zuba daga sama. Ɗanjuma ya mutu a cinyarsa, bayan ya zare zoben azurfa ya ba shi, ya faɗa masa sunan ƙauyensu.

Amanar ba ta da nauyi: a kai zobe, a gaya wa matar ta yi takaba. Amma Alhaji yana da ra'ayinsa. A wurinsa ba a aiken labarin mutuwa, wanda ya rufe idon mamaci shi zai je da ƙafarsa ya durƙusa ya faɗa. Da ya dawo, sai ya ce bari ya sami abin riƙewa a hannu. Da ya samu, kunyar jinkiri ta kama shi, ga shi shi ne ya ja mutumin zuwa can. Na sha ce masa, "Alhaji, faɗa mini garin in tura ƙanena." Sai ya ce, "Ni zan je, bana." Muna ta wannan banar har ciwo ya kawo mu Amurka neman magani.

Ranar ƙarshe ya janye robar numfashi daga bakinsa, ya ce, "Zoben nan, garin su..." Likita ya mayar masa da ita, ya ce, "Baba, ka huta tukuna." Aikinsa ya yi, ban riƙe shi ba. Na ga leɓen yana motsi a bayan roba, ban iya karantawa ba.

Mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai ci haƙƙin maƙwabci ba, jikokinsa masu amsa mini da Turanci sun gaji haƙurinsa. Amma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Akwai macen da ta tsufa tana duban hanya, ba ta san ko ita matar aure ce ko gwauruwa ba. Akwai wanda ya girma yana zaton ubansa gudu ya yi.

Washegarin jana'iza na tashi cikin takaba, na san ranar da tawa ta fara, na san ranar da za ta ƙare. Na ɗauko zoben na ɗaure a bakin zanena, na ce Hajara ta ɗora tukunya biyu ta sadaka. Ta ce, "Mama, ta biyun ta waye?" Na ce ta baƙon da muka riƙe tun kafin a haifi mijinki. Bana ma biyu muka ɗora.