Littafin Habboba a Hannun Mai Ta'amiyya

Littafin Hausa ɗaya ne tal a gidanmu na Umdurman, kuma ya fi mu gata. Wani maniyyaci ɗan Zariya ne ya sauka wurin kakarmu, wadda muke kira Habboba. Ya yi ta karanta mata shi, da zai wuce Makka ya bar mata. Ba ta iya boko ba, amma da ta ga hoto sai labarin ya zubo. Duk Juma'a sai ta yi masa turaren wuta kamar amarya, mu jikoki kuwa ko sabulu sai da faɗa.

Bayan magariba takan zauna bakin angareb, gadon igiyar nan, garwashin gahawa na ja a gabanta, ta buɗe shi a cinya.

"Ku matso, tatsuniya ta iso. Kai mai majina, ja da baya, ba da kai nake ba."

Wanda na fi so shi ne na mai taguwa, wato raƙuma. Ya kai ta shan ruwa, ya hango wata taguwar a cikin kogi, ba ta ci, ba ta cizo, ba ta kashi. Ya ɗebi ruwa a ƙwarya, ya karkata, ga ta nan a ciki. Nan take ya sayar da ta tudu. Mai saye na jan akala, ta cikin ƙwarya ta bi su.

"Da yaransa suka nemi nono fa, Habboba?"

"Ruwa ya ba su. Uban wasu ke nan."

Saboda littafin nan na koyi karatun boko, gemuna har ya fara fitowa. Da Habboba ta rasu littafin ya zauna a ɗakin ƙanwata. Bara ɗanta Mu'utaz, mai gyaran waya a Kasuwar Libiya, ya yi musu kwalima. Na je ɗaukar littafin, ya ce da ni, ko kunya babu:

"Kawu, na ɗauke shi hoto kaf. Takardun na ba Hajja Sittana."

Hajja Sittana ita ce mai suyar ta'amiyya, irin ƙosan garinmu, a bakin layi. Na fita da wannan tumbin nawa, ƙasa na girgiza, awaki na neman mafaka. Na same ta tana yage shafi, ta murɗa shi, ta zuba ƙosai masu zafi, mai na tsiyaya ta kan hoton taguwar. 

"Hajja, kin san abin da kike naɗi da shi?"

"Ya Hajj, ni ina tsoron Allah. Mai harafin Larabci ba na taɓawa. Wannan ai rubutun nasara ne."

"Hausa ce, Hajja. Harshen uwarki."

Ta ɗaga shafin ta duba shi a juye. "Hausa ana rubuta ta?"

Na kwashi abin da ya rage na koma wurin Mu'utaz, na ce ya turo min hotunan. Ya sosa ƙeya. Wai suna cikin tsohuwar wayar, ita kuwa ya goge ta ya sayar.

Ina yaro na ɗauka Habboba wawan ƙauye take zagi. Ashe wawan ɗan birni ne, mai turare, jinina ne kuma. Ba na faɗa da waya, tawa ma ko banɗaki tare muke shiga. Amma takarda ko an wulaƙanta ta, takan bar maka abin tsinta. Na tsinci kusan rabi, yana warin tafarnuwa. A wayar ko wari ban samu ba.

Yanzu nakan tara yaran gidan bayan magariba in karanta musu, suna ba ni amsa da Larabci. Jiya muna tsakiyar wani labari, an kama ɓarawo za a kai shi gaban alƙali, shafi ya ƙare. Ƙaramar ta ja min riga.

"Sai me ya faru?"

Na ce ta je ta tambayi direbobin rakasha, masu keke mai ƙafa uku da ke cin ƙosan Hajja Sittana. Su suka goge baki da hukuncin.