Haɓar Gidanmu

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Laraba, mu huɗu ne a ɗakin likitan haƙori a wani babban asibiti a Zariya: ni, da ƙanena, da likita ɗan ƙasar waje, da ma'aikaciyar jinya mai yi mana tafinta. Shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ne. Ina malamin gona a Faskari, na sayi sabon babur, kuma ina ganin babu abin da asibiti ba zai gyara ba.

Ƙanena yana da shekara goma sha tara. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, haƙoran gaba ba sa haɗuwa. Ba ya iya gatsar rake, nama kuwa sai ya yayyage shi da hannu. Tun da samarin unguwarmu a Ƙanƙara suka fara kwaikwayon taunarsa ya daina cin abinci a kwano ɗaya da kowa. Yakan ɗauki nasa ya shige ɗaki. Wannan ne ya kai mu.

Likita ya ɗauki hoton fuska da na ƙashi, ya kwafi haƙoran da wani farin ƙullu, sannan ya ce abin gado ne, kuma yana bincike a kan yadda yake bin zuri'a. Ya ba ni ma'auni da takarda, ya nuna mini inda zan ɗora, ya ce in auno dangin mahaifinmu kafin ranar aiki.

Na bi su da tsari. Na fara da Ƙanƙara, na yi Faskari, na ƙare da Sabuwa, wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu. Na same shi yana sussukar dawa. Da na fito da ma'aunin sai ya ja da baya.

"Kai, ɗan nan! Ni za ka auna da raina? Ai sai ka bari a karyo kara ranar da za a gina mini kabari."

"Baffa, haɓa kaɗai ce."

"To haɓar ce za ta riga ni tafiya?"

Ya yi dariya, ya miƙo fuska. Ina cikin rubuta lamba ya tambaye ni abin da za a yi wa yaron. Na ce za a yanke ƙashin a mayar da shi baya.

"Ka gaya ma uwarku?"

"Na ce mata za a gyara mishi haƙori."

"Haƙori," in ji Baffa. Ya koma kan dawarsa.

Ban tsaya na auna wannan maganar ba. Mahaifinmu ya rasu ƙanena yana goye, bai kuma taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ni na ɗauko fuskar Inna. Ƙanena ne ya ɗauko tasa. Na sha ganin Inna tana tsince wake ta ɗago kai ta bi shi da kallo har ya fita, amma na ɗauka kallon uwa ne kawai.

An yi aiki. Aka ɗaure muƙamuƙinsa da waya mako shida, kunu da romo kaɗai yake zuƙa. Na zauna da shi, ina rubuta lokacin kowane kofi. Da aka kwance wayar, kumburi ya saɓe, na kawo shi gida da la'asar.

Inna ta fito da gudu ta tare mu, sai ta tsaya cik. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu.

"Sannu, auta. Ka yi kyau." Sannan ta dube ni. "Babba, ina ka kai mini Malam?"

Haka take kiran mahaifinmu.

Ran nan ƙanena ya zauna da mu a kwano ɗaya, ya gatsi nama da haƙoransa, Inna da kanta ta ƙara masa. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Sai dai ban ƙara ganin ta bi shi da wancan kallon ba. Daga baya na koma asibitin neman hoton da aka ɗauka kafin aiki, aka ce likitan ya koma ƙasarsu da takardunsa.

Ban yi nadamar aikin ba, ko yau zan sake sa hannu. Laifina shi ne na auna dangi kaf, na tsallake mutum ɗaya da ya kamata in fara zama da ita.

Saboda haka ina roƙonka, mai karatu. In akwai mai irin wannan haɓa a gidanku kuma tana hana shi sakewa, ka kai shi asibiti. Amma kafin ka sa hannu, ka zaunar da mahaifiyarsa ka gaya mata cewa fuskar za ta sauya, sannan ka kai shi wajen mai hoto ka ba ta hoton ta ajiye.