Gayyar Geron Hedimasta

Ni ɗan tela ne, cikin garin Ƙanƙara na tashi, tsakanin zare da almakashi. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya zo yana tambayata yadda aka yi babban mutum, malamin makaranta, ya tafka abin da na tafka. Har aka turo ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Faskari, can wajen 'Yankara, ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Shekarata uku a can aka ba ni mataimakin hedimasta, mutanen gari kuma suka manta da sunana, kowa Mataimaki yake ce mani.

Hedimastanmu mutumin Sabuwa ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da in sun yi fushi sai dai ka ga sun cire hula sun sake sa ta. Shi ne mai faci in kwano ya yi yoyo, shi ne mai raba faɗan iyaye, shi ne mai bin gida-gida neman yara. Iyalinshi suna Sabuwa, shi yana ɗaki ɗaya bayan makaranta, da wata 'yar gona da mai unguwa ya ba shi aro yana shuka gero.

Abin da ke cin ranshi kuwa duk shekara ɗaya ne. Ana komawa makaranta daidai lokacin da gero ya nuna, sai mu buɗe aji mu tarar da benci ya fi yara yawa. Duk suna gona. Kuma tushen abin wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, mai jikoki cike da gida, wanda unguwa duka take kallon ƙafarshi. In jikokin Baba suka tafi gona, 'ya'yan kowa sun tafi. In ya sako su, kowa ya sako nashi. Duk farkon zango Hedimasta sai ya je zauren Baba ya durƙusa ya yi ta lallashi, Baba ya yi ta ba shi amsa ɗaya: boko ba ya ruɓewa, gero kuwa tsuntsu ba ya jira. Sai an yi sati uku sannan makaranta ta cika.

Ana saura kwana biyar a koma, muna share ofis ni da shi, ya ce mani, "Mataimaki, na rubuta takardar neman canji. Ran Litinin in mun buɗe, zan kai ta ofishin ilimi a Faskari."

Na ce, "Haba Malam, wasa kake."

Ya ce, "Na gaji. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon mutane su ba ni 'ya'yansu, kamar ni zan ci amfanin. Ko sannu ba wanda ya taɓa ce mani. Ka riƙe wannan a cikinka."

Wallahi maganar ta dame ni. Ba zan ɓoye ba, har da son kai a ciki, don na san in ya tafi ni za a ɗora wa kujerar, ni kuwa ba ni da haƙurin durƙuso a zauren kowa. Amma abin da ya fi damuna shi ne gaskiya ya faɗa. Ni kaina da nake zaune kusa da shi kullum ban taɓa ce mashi sannu da ƙoƙari ba.

Na tafi wurin Hajiya, shugabar iyaye mata ta makarantar, mace mai baki kamar reza amma mai kirki. Ban gaya mata zancen takarda ba. Na ce dai ina so mu karrama Hedimasta a farkon shekarar nan, in sa a buga mashi takardar yabo a Ƙanƙara, a sa ta cikin gilashi, a yi jawabi.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Takarda zai dafa? Kai dai ɗan birni ne. Mutum geronshi ya nuna yana tsaye a gona, ba shi da mai girbe mashi, kai kana zancen gilashi. Ku yi mashi gayya. Ni zan dama fura in kai maku."

Gayya kuwa kowa ya san ta: a taru a yi wa mutum aikin gona rana ɗaya, a ci a sha a watse, in taka ta taso shi ma ya zo ya rama. Shawarar ta shige ni. Sai dai na ƙara mata nawa wayon, wanda shi ya kai ni ya baro. Na ce ba-zata za mu yi mashi. Hedimasta zai tafi Sabuwa ran Juma'a ya ga iyali, sai Lahadi da yamma zai dawo, to ran Asabar za mu yi. Kuma tunda a garin nan magana ba ta kwana, ban gayyaci ko mutum ɗaya daga cikin gari ba. Na hau babur na tsallaka rafi zuwa wata unguwa da yaranta ke zuwa makarantarmu, na tara iyaye wajen ashirin, na rantsar da su kada su faɗa wa ko matansu.

Wani daga cikinsu ya tambaye ni, "Mataimaki, ka dai san gonar ko?"

Har haushi na ji. Na ce, "Gonar maigidana ce zan kasa sani? Akwai ɗorawa a bakinta."

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa gonar nan, da rani, ina bayan babur, ƙasa fetal kana hango ko'ina. Ban san da damina duniya sakewa take ba. Ran Asabar bayan sallar asuba na shiga gaba, mutane na bina da magirbi a kafaɗa, gero da dawa sun fi ni tsawo hagu da dama, raɓa ta jiƙa mani wando har gwiwa. Da na hango ɗorawa ta farko na buga ƙirji na ce, "Ga ta nan, bisimilla!"

Wani ya ce, "Kai, Hedimasta yana da gona haka?"

Na ce, "To da me kuka ɗauke shi?"

Aka sunkuya. Ban taɓa ganin aiki mai daɗin kallo irin wannan ba. Sun jeru kafaɗa da kafaɗa, magirbi na sauka tare, kara na kwanciya layi-layi, ana waƙa ana tsokanar wanda aka bari baya. Ni ma na karɓi magirbi don kada a ce ban yi ba. Kunyar gero biyu kacal na yi tafin hannuna ya tashi, suka ƙwace abinsu suka ce in je in zauna gindin ɗorawa in riƙa ba su maki.

Hantsi ya dubi ludayi, an ci fiye da rabin gona, fura shiru. Mutane suka fara waiwaye. Ɗaya ya ce, "Mataimaki, ko furar ma ba-zata ce?" Na yi ta ba su haƙuri ina zagin Hajiya a raina. Suka ƙarasa gonar tas da ƙishirwarsu, suka zube a inuwa.

Nan ne muka ji gyaran murya. Na ɗaga kai, sai ga Baba tsaye da sandarshi da malafa, yana kallon gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ya ce, "Wa ya mutu a gidana da ban sani ba, har aka fara rabon gado?"

Na taso da fara'ata na gaishe shi, na ce, "Baba, gayya ce muka yi wa Hedimasta."

Ya ce, "Madalla. To me ya kawo ku gonata?"

Na nuna ɗorawa, na ce ai ga alamar gonar Hedimasta nan. Baba ya ɗaga sanda ya nuna gabas, can gaba kaɗan, sai ga wata ɗorawar tsaye, yanzu da aka kwantar da gero ana ganinta sarai. A gindinta kuma ga Hajiya zaune da ƙoren fura da mata biyu, tun safe suna jiran mazan da na ce za su zo.

Dariyar da mutanen nan suka yi har yau ina jinta a kunnena. Wani har da birgima cikin kara. Hajiya ta taso ta iso, ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗi! Mataimaki, haka kake koya wa 'ya'yanmu gabas da yamma?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Baba dai bai yi dariya ba. Ya ce shi ran Litinin ya shirya girbinshi da jikokinshi, wa ya ce yana neman taimako? Ko an ga ya gaza ne? Ko kuwa makirci ne na 'yan boko don a raba shi da yaran? Ya yi ta faɗa, ni kuma zuciyata ta ɗauko, ga kunya ga yunwa ga hannu na zogi. Na manta da amana, na manta da girma, na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ka kusa hutawa da 'yan boko. Hedimasta ya rubuta takarda, ran Litinin zai kai ta Faskari a canza mashi wuri. Shekara goma sha ɗaya yana durƙusa maka, ya gaji. Mu dama sannu muka zo yi mashi, ita ma ga shi ban iya ba."

Hajiya ta saki ludayi cikin ƙwarya. Ni kuwa ina rufe baki na san na yi ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko.

Baba ya dube ni ya ce, "Tahiya zai yi?"

Na ce, "Haka ya ce."

Ya sunkuya ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hure, ya duba ƙwayar. Ya ce, "An dai iya girbi." Sannan ya juya wurin mutanen ya ce kada wanda ya motsa, ba a taɓa yi mashi aiki a gona an tafi da yunwa ba, furar Hajiya ta Hedimasta ce, tashi na zuwa. Ya tafi gida da kanshi. Kafin azahar sai ga dambu da kunu sun iso, muka haɗa da furar muka ci har muka kasa tashi. Geron Hedimasta kuwa yana nan tsaye, ba mai sauran ƙarfin taɓa shi.

Ran Lahadi na wuni a ɗaki, ko masallaci sai da na zagaya ta baya. Ina ta shirya yadda zan gaya wa Hedimasta na tona mashi asiri a gaban mutum ashirin. Da la'asar Hajiya ta leƙo ta ce in fito in ga abin mamaki. Muka tafi gonar, ta gaskiyar wannan karon, ita a gaba. Gero a kwance layi-layi, ko kara ɗaya ba a bari ba. Ta ce tun da sassafe Baba ya fito da gidanshi kaf, 'ya'ya da jikoki, maƙwabta suka ga ya fita suka bi shi. Da aka tambaye shi sai ya ce gayya ramawa ake yi, shi ba a yi mashi a ce bai rama ba.

Hedimasta bai iso ba sai gab da magariba, ban bari mun haɗu ba. Ran Litinin na same shi a ofis cikin fararen kaya, ya kafe babur a bakin ƙofa, alamar tafiya Faskari na nan. Ya ce mani, "Mataimaki, wani abu ya faru da gonata." Na buɗe baki zan fara rantse-rantse sai muka ji hayaniya a waje.

Muka fito. Baba ne a gaba da sandarshi, bayanshi jikoki a jere, an yi masu wanka an shafe su da mai sai ƙyalli suke, wasu da rigar makaranta wasu da ta gida. Bayansu 'ya'yan unguwa, bayansu na tsallaken rafi. Ranar farko ta zango, filin makaranta ya cika har bakin rijiya. Tunda nake a garin ban taɓa gani ba.

Hedimasta ya yi sauri zai durƙusa, Baba ya tare shi da sanda ya ce, "A'a, yau ni na zo zaurenka." Ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Mun gani, ba mu dai faɗa ba. Ga su nan na kawo maka. Yankan gero da ɗauri ma yi da yamma in sun taso." Sannan ya ƙara da cewa, "An ce mani tahiya za ka yi. In ka tahi, da wa zan riƙa faɗa duk shekara?"

Hedimasta ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya cire hularshi, amma bai mayar ba, ya tsaya riƙe da ita, idonshi ya kawo ruwa a gaban yara da iyayensu, bai ko ɓoye ba. Ni ma nawa ya cika, na fake da cewa ƙura ce.

Da Baba ya tafi muka tsaya muna kallon yaran na turereniya a ƙofar aji ɗaya. Hedimasta ya ce, "Mataimaki, benci ba zai isa ba. Ɗauki babur ɗin ka zagaya gari ka aro mana tabarmi."

Na ce, "Malam, Faskari fa?"

Ya ce, "In bar wa wa waɗannan? Kai da ko gona ba ka ganewa?"