Malam Gimba, Wanda Ya Ƙi Goge Lamba

Ƙarfe bakwai Malam Gimba yake buɗe shagonsa a unguwar Lozells, nan Ingila. Yakan yi tari ya gaji, ya ɗora gam a wuta, sannan ya juya kabad ɗin da zai gyara ya fara dubawa daga baya. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe. Likitansa ya ce ƙurar katako ta cinye masa huhu.

Na san shi tun ina karatu a Edgbaston. Aikinsa gyaran tsofaffin kabad na ajiye bindiga. Yawancinsu daga kantunan haɗin gwiwa suka fito, waɗanda hafsoshin sojan Ingila suka kafa don sayen kayansu da rahusa: tanti, shayi, harsashi. Gimba ya ce hafsan da aka tura ƙasarmu, ɓangare-ɓangare ake aika masa da nasa kabad ɗin. Daga bakin kogi zuwa bariki ’yan dako ne suke ɗauka. A bayan kowane ɓangare akwai lamba da baƙin fenti. Kowace lamba, kayan kan mutum guda.

Masu saye ba sa son lambobin. Gimba bai taɓa goge ko ɗaya ba, kuma ya rasa aiki da yawa saboda haka. Kafin kabad ya bar hannunsa, sai ya shimfiɗa siririyar takarda ya kwafe su. Takardun sun cika akwatin ƙarfe. Akwatin ne bai sami mai karɓa ba har yau.

Bara Dakta Hajar ta Longsight a Manchester ta sayi ɗaya a gwanjo, tana so ta jera tangaran, ta kawo wa Gimba gyara. Mijinta Sanusi ne ya ba ni labari.

“Baba, a kankare bayan nan. It looks dirty,” in ji ta.

“’Yata, zo ki ƙirga.”

Ta ƙirga, ɗaya zuwa tara. An soke shida, an mayar da ita kusa da biyar.

“Na shida bai kai bariki ba,” in ji Gimba. “Na biyar ne ya haɗa kaya biyu.”

“Mutuwa ya yi?”

“Ko gudu. Ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira miki ba.”

“Baba, bango zai kalla fa! Wa zai gani?”

“Gizo-gizo. Shi ma ya sani.”

Ta yi dariya, amma ta kai kabad ɗin wani shago a Manchester. Aka kankare shi tas. Sanusi ya ce ya yi kyau ƙwarai. Na biyar da na shida yanzu a takarda kawai suke.

Malam Gimba, kai ne ka gyara wa bindiga ɗakinta ba tare da ka wanke mata baya ba. Sunan hafsa yana kan tagulla a gaba, ana goge shi yana ƙyalli. Namu ko suna ba su samu ba, sai lamba, kuma kai kaɗai ka tsaya mata. Ba ka yi lacca ba, ba ka nemi a ɗauke ka hoto ba. Na gode. Allah ya sassauta maka numfashi.

Sauran magana tamu ce. Da likitocinmu da injiniyoyinmu a garin nan da Manchester, an rasa mai lungu ɗaya da zai ajiye akwatin takardun. Gimba zai koma flat ɗin ’yarsa Jannat, hawa na uku, babu wuri. Wanda ya ba shi hayar shagon ya ce abin da ya tarar ranar talatin ga wata, shara ne.

Na tambaye shi wane irin mutum yake so ya karɓi akwatin. Na zaci zai ce masanin tarihi.

Ya gama tarinsa, ya ce, “Duk wanda ɗakinsa ba ya yoyo. Amma ya zo da mutum biyu. Ba na so mutum ɗaya ya ɗauka.”