Kawu Sanda da Abin Matse Yatsa

Ku da kuka san Kawu Sanda na Cadawa, kun san ba a miƙa mishi hannu a tsira. Kana cewa "Kawu, ina kwana?" sai ya cafke maka yatsa, ya maƙala wani ɗan abu mai baki kamar na kada, ya ce, "Yi shiru, muna bincike."

Asalin abin, ciwon huhu ne ya kada shi wata shekara ana tsakiyar girbin hatsi. Muka kai shi asibiti a Maradi, aka sa shi ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai maƙura, wayoyi har ƙirji. Da ya farfaɗo, wata likita ta zo neman izininsa. Ta ce suna binciken yadda za a gane da wuri in numfashin majinyaci ya fara gazawa, suna son su yi amfani da awon da na'ura ke yi mishi.

Kawu ya ce, "Na yarda. To ni mi ne ne muƙamina?"

"Majinyaci, Baba."

"A'a, ɗiyata. Ke kallo kike, ni ke numfashin. Wa ya fi shan aiki?"

Daga ranar bai sake cewa "da na yi ciwo" ba. Sai dai "da muna aiki Maradi."

Kai, Kawu! Bai daɗe ba ya gano in ya zare abin awon da aka maƙala mishi a yatsa, na'ura sai ta ɗauki kururuwa, ma'aikata su sheƙo. Ran da aka bar ni na shiga duba shi, ya ƙifta mini ido ya zare. Ai kuwa sai ga mutane a guje, wata har da ɓarin takalmi. Ya gyara kwanciya ya ce, "Ba komi. Ɗan ƙanwata ne ya zo, ku gaisa." Na so ƙasa ta tsage.

Da aka sallame shi ya sayi nashi na hannu. Liman bai tsira ba, mai waina ba ta tsira ba. A kasuwar Gangara ya maƙala shi a kunnen ragon Ardo Buba, abu bai nuna komi ba.

"Ardo, ragon nan naka ya mutu."

"Ya mutu? Ga shi yana cin rigarka, Sanda!"

"Ƙarfin hali ne. Mun ga irinsu da yawa."

Sai pil ɗin abin, wato batir, ya ƙare. Kun san Kawu da maƙo, ya ce ba ya sayen wani, na'ura ta riga ta saba da aikin. Haka ya ci gaba da matse mutane da mataccen abu. Wata safiya ya matse Habu tela, ya ɗaure fuska.

"Habu, hau moto. Asibiti."

"Mura ce kawai, Malam Sanda, ga ɗinkin mutane..."

"Hau, ko in hau kanka!"

Habu bai dawo gida ba sai da ya sha kwanciya da robar iska a hanci. Na ja Kawu gefe na ce, "Kawu, ai babu pil a ciki."

"Shi Habu ya sani?"

"To yaya ka gane?"

"Mutum na hutawa tsakanin 'ina' da 'kwana', kai kana maganar pil!"

Sai bayan rasuwarsa Inna Rabi, matarsa, ta faɗa mana abin da bai taɓa sa wa cikin raha ba. A gadon da ke kusa da nashi akwai wani makiyayi da bai tashi ba, Kawu ko sunansa bai sani ba. Ta ce bai taɓa sallame salla ba sai ta ji ya ce, "Allah, da maƙwabcina na Maradi."

Allah ka jiƙan Kawu Sanda, ka yalwata mishi makwanci, ka haɗa shi da maƙwabcin nan nashi a Aljanna, su tambayi juna suna. Amin.